Kunnen Talle da Kukan Zarto

Shekara ashirin da shida Talle ya yi yana tura katako bakin injin zarto a wata ma'aikata bayan mayankar Agege, ni kuma ina sayar da tuwo a ƙofarta. Shi Bazazzagi, ni Bakanuwa, saboda haka zaginsa halaliyata ce.

Da kunne yake aiki. In ya zauna cin tuwo sai ya dame ni da karatun katako. "Iya, arere laushi gare shi, zarto na shiga yana waƙa. Maɗaci jijiyarsa a murɗe take, sai da lallashi. Loko kuwa munafuki ne, yakan ɓoye dutse a cikinsa. Ba mai gaya miki sai kukan zarto. Yana sirancewa, ki sassauta hannu."

Na ce, "Da haka ka san halin mata, da ba ka saki biyu ba."

Ni na fara gane ƙarar injin ta cinye masa kunne. Wata rana na ce, "Talle, kai da akuyar maƙwabciyata Larai wa ya fi hankali?" Ya yi murmushi ya ce, "Amin, Iya."

Na ja shi bayan rumfa, na kwarara masa maganar kurumtarsa a kunne. Ya durƙusa, ƙato da furfura. "Ki rufa min asiri. Oga ya ji, gobe wani ne a kan injin nan. 'Ya'ya biyar na bari a Soba."

Na rufa. Wannan bakin nawa da bai taɓa kwana da maganar kowa ba, wata bakwai ya yi a ɗinke.

Ranar wata Laraba da hantsi aka sauke loko. Ina kwashe tuwo na ji kukan zarto ya sirance, don ni ma karatun ya shige ni. Na yar da mara, na ƙwala masa kira. Bai waigo ba.

Zarto ya cinye masa yatsu uku da rabin tafin hannun dama. Oga ya kai shi asibiti, ya kai masa lemo sau ɗaya, ya ɗauki wani a kan injin.

Yanzu gadin ƙofar yake yi. Yana zama a bencina ya ci tuwo da hagu, yana kare kwanon da kafaɗa don kada a gani. Ina zaginsa kamar da, yana cewa amin. In zarto ya canza kuka a ciki, ni kaɗai ke zabura.