Takalmin da Ba Ya Taka Ƙasa

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa, amma bai kwashe ranar Alhamis ɗin da aka nemi takalmin Baba Pan aka rasa ba. Ku da kuka shigo aikin nan a bayana, ku gyara zama ku ji, don abin da ya kusa cin Habu direba yana iya cin kowannenku.

A lokacin ina aikin kula da gida a wani kamfani mai saukar da baƙi a unguwar Aziziya, cikin birnin Doha. Ga wanda bai san tsarin ba, kamfanin shi ne kafil ɗinmu, wato da sunansa muke zaune a ƙasar. Kowane gida ana ba shi mai shara da girki, ana ba shi direba, a samanmu kuma akwai mai zagaya gidaje tana dubawa. Tamu 'yar Filifin ce, Madam muke ce mata. Ba muguwa ba ce, amma doka a hannunta ba ta lanƙwasuwa. Dokar kuwa ita ce, in kayan baƙo ya ɓata, kafin a tashi aiki ranar sai ta kai rahoto ofis. In aka ce ma'aikaci ne ya ɗauka, magana ta bar kamfani ta koma hannun 'yan sanda. Daga nan sai jirgi, ba kuma dawowa.

Da sanyin waccan shekarar aka kawo mana wani dattijo daga ƙasar Poland. Sunansa ya fi ƙarfin harshena. Na ji mutanen ƙasarsu da suka zo gaishe shi suna cewa Pan, Pan, sai na ɗauka sunan ke nan. Daga baya aka ce mini ashe kamar a ce malam ne a yarensu. Baba Pan dai ya bi shi, shi ma yana amsawa.

Sana'arsa kiɗa ce. Shi yake ƙirƙiro kiɗan daga kansa, ya zana shi a takarda da wasu ɗigo-ɗigo kamar ƙudaje a kan igiya, wasu su karanta su kaɗa. Yana kuma kaɗa wani abu da ake kira ogan. Ya nuna mini hoton na cocin garinsu, bututai ne jere har rufi, iska ke bi ta cikinsu su yi kuka. Tun yana yaro yake kaɗawa a can, har ya zama malamin masu koyo, har ƙasashe suka riƙa gayyatarsa. Doha ma gayyato shi aka yi ya kaɗa wani sabon kiɗansa a wani babban zaure ranar Asabar. An kawo masa ƙaramin na lantarki cikin falo don ya riƙa gwaji.

A nan na ga abin da ban taɓa gani ba. Ashe ba hannu kaɗai ke kaɗa abin ba. A ƙasa akwai wasu dogayen katakai a jere, ƙafa ce ke binsu, dunduniya da yatsu, kamar masaƙi a bakin aikinsa. Kuma akwai takalmin da ake sawa don wannan kaɗai. Baƙi ne, tsoho, ƙasansa fata ce siririya mai santsi. A cikin wata jakar yadi yake ajiye shi. Sai ya zauna a benci yake sawa, kafin ya tashi kuma ya cire. Mu takalmi a bakin ƙofa muke barinsa, shi nasa bai taɓa ganin bakin ƙofa ba.

Ni ba ma'abociyar kiɗa ba ce. Amma dattijon yana da kunya, da ya ga na ɗauko dardumata sai ya ɗaga hannu daga kan abin har in sallame. Haka muka zauna, Turancinsa guntu, nawa ya fi nasa gajarta, sauran kuma mu cike da hannu.

Ranar Laraba da yamma Habu ya dawo da shi daga gwaji a zauren. Habu ɗan Funtuwa ne, yaro mai ladabi, yana da mata da 'ya'ya a gida, shi yake riƙe da mahaifiyarsa kuma. Ina kicin na hango ta taga Baba Pan ya miƙa masa wani abu da hannu biyu, ya wuce ciki yana amsa waya. Na ga Habu ya rusuna har ƙasa. Da ya zo shan ruwa ya ce mini, "Iya, yau Bature ya yi mini kwance." Na ce, "Allah ya amfana." Na ɗauka riga ce.

Wayewar gari, Baba Pan ya zauna a benci ya miƙa hannu inda jakar take zama, ba jaka. Muka ɗaga kujeru, muka zazzage akwati. Aka buga waya zaure, suka ce ba a bar komai ba. Dattijon nan ya zauna da safa kawai, ya ɗora ƙafa a kan katakan ya sauke. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Madam ta zo, ta ce a saya masa wani. Ya girgiza kai. Ya ce ba a sayar da irinsa a nan, in ma an samu, sabo ba ya jin katako, ƙafarsa ta saba da wancan kamar yadda ta saba da fatarta.

Madam ta juyo ta tambaye ni wa ya shigo gidan jiya. Na ce ni ce, sai Habu da ya tsaya a tsakar gida. Ta ce wa ya riƙe jakar daga zaure. Baba Pan ya ce direba. A nan na tuna rusunawar nan.

Na ce, "Madam, ki ba ni zuwa la'asar."

Ta ce, "Mama, kin san wani abu?"

Na ce, "Ina zato ne, ban sani ba tukuna. Kada ki rubuta sunan kowa sai na dawo."

Ta dube ni ta ce la'asar, khalas, ba ƙari.

Na fita bayan gida na kira Habu, yana wajen wankin mota.

"Ɗan nan, kwancen jiya, mene ne a ciki?"

"Takalmi ne, Iya. Amma tsakani da Allah Baturen nan da ɗan maƙo. Ƙasan ya cinye kamar takarda, na gwada shi na kusa zamewa a bakin titi. Na kai wa mai gyara a unguwar Mansura ya ɓare shi ya sa mini roba mai kauri."

Na ce, "Innalillahi. Habu, ɗauko mota."

"Lafiya, Iya?"

"Ba lafiya ba. Ba kyauta aka yi maka ba, riƙo aka ba ka."

A hanya yake gaya mini yadda aka yi. Dattijon ya miƙa masa jakar ya faɗi kalmar Turanci ta karɓi, har sau biyu, ya nuna gida. Habu ya leƙa ya ga tsohon takalmi. To, a garinmu in babba ya miƙa wa na ƙasa da shi tsohon takalminsa da hannu biyu, wa zai tsaya tambaya? Tambayar ma raini ce. Yana tuƙi yana cewa, "Iya, me zan ce wa tsohuwata? A ce an koro ni kan sata?" Na ce ya kalli titi, kada mu haɗa musiba biyu.

Mai gyaran wani dattijo ne ɗan Fakistan, a wani lungu tsakanin mai ɗinki da mai sayar da shayi. Duk 'yan ƙasarmu da ke Mansura sun san shi da kalma ɗaya, bukra, wato gobe. Jiya ma Habu sai da ya yi masa faɗa, ya ce lallai a gama da safe don yana son zuwa Juma'a da shi. Yana ganinmu ya ɗaga hannu yana ba da haƙuri, "Bukra, bukra, insha Allah."

Habu ya ce, "Ba ka taɓa ba?"

Mutumin ya sunkuyar da kai da kunya, ya tono jakar daga ƙarƙashin tarin takalma. Ko kwance bakinta bai yi ba. Habu ya rungume shi ya sumbaci gemunsa, dattijon ya rasa me ke faruwa. Ni kuwa na zauna a kan wani akwati ina ta hamdala.

Amma da na buɗe jakar sai na ga sauran magana. Habu da ya gwada, ya taka bayan na dama ya kwantar da shi, irin yadda mazanmu suke yi don saukin cirewa a masallaci. Ƙasan kuma yashi ya karce shi. Mai gyaran ya tayar da bayan da yatsa, ya shafa masa mai, ya goge ƙasan da tsumma. Alamar dai tana nan.

Mun iso kafin a kira la'asar. Habu ya so ya tsaya a mota, na ce a'a, da bakinka za ka faɗa. Ya shiga ya durƙusa. Madam ta ce to ai ga wanda ya ɗauka. Na ce mata ba ɗauka ba ce. Na karɓi jakar, na miƙa wa Habu da hannu biyu kamar yadda na gani ta taga, shi kuma ya fassara abin da nake faɗa, cewa a wajenmu kayan da babba ya sa a jikinsa ya ba ka, girma ne ya ba ka, sunansa kwance.

Baba Pan ya miƙa hannu ya karɓi jakar. Ya juya takalmin, ya shafa karcen da babban yatsa. Ya sa, ya ɗaure igiya, ya ɗora ƙafa a kan katakan. Hannayensa na kan cinya, ƙafafun kaɗai suka tafi, wata murya mai kauri ta cika falon har kofuna na motsi a kan tire. Ya yi ta yi, ya tsaya. Sannan ya yi magana a hankali, Habu na juya mini.

Ya ce takalmin na malaminsa ne. Ranar da ƙafafun malamin suka gaza, a bakin matakalar coci ya miƙa masa jakar nan, da hannu biyu, bai ce komai ba. Shi kuma ya ɗauka riƙo ne, ya kai masa har gida ya ajiye. Sai da malamin ya sake aiko masa da ita sannan ya gane kyauta ce. An sake wa takalmin ƙasa ba sau ɗaya ba, amma saman na malamin ne har yau. Ya nuna Habu ya nuna kansa, ya yi dariya har da hawaye. Ya ce wa Madam ba abin da ya ɓata a gidansa. Ta mayar da wayarta cikin jakarta, ba ta kai rahoto ba.

Ranar Asabar ya kaɗa kiɗansa. Ban je ba, amma Habu da ya jira a waje ya ce tafin har wajen ajiye motoci.

Abin da na koya shi ne, a aikin nan hannu biyu ba ma'ana ɗaya gare shi a ko'ina ba. In an miƙa muku abu, ku tambaya, ba raini ba ne. Ku kuma da za ku zama masu dubawa, kafin ku kira ɗan wani ɓarawo, ku ba shi zuwa la'asar.

Ranar da Baba Pan zai koma, ya fito da wata ƙatuwar rigar sanyi mai gashi a wuya, irin ta ƙasar ƙanƙara, ya miƙa wa Habu da hannu biyu. Habu ya maida hannayensa baya.

"Iya, tambaye shi. Riƙo ko kwance?"

Dattijon ya ɗora masa rigar a kafaɗa, ya gyara masa wuya, ya faɗi kalmar Hausa ɗaya da ya tafi da ita ƙasarsu. Ya ce, "Kwance."