Jar Fitilar Kakana

Duk ranar da na wuce shagon mai gyaran waya na ji ƙaurin narkakkiyar dalma, sai zauren gidanmu na Daura ya faɗo mini a rai.

Kakana shi ne ladanin masallacin unguwarmu. A shekarun da aka fara aiki da shari'ar Musulunci, sahu ya cika har waje, jama'a suka sayo lasifika da batirin mota. Murya kam Allah ya ba tsohon, sai dai kunnensa ya riga ya yi nauyi. Zai danna maɓalli ya yi kiran salla da iya ƙarfinsa, alhali wuta ba ta kama ba, shi kuma bai sani ba. Wata rana da damina, masu noma a bayan gari suka yi ta jiran kiran la'asar har rana ta yi ja. Daga nan dattawa suka fara zancen a ba wani yaro ladancin. Tuwon kaka ya riƙa dawowa cikin gida ko rabi bai ci ba. Na ji tausayinsa ƙwarai.

Kawuna mai gyaran rediyo ya sayo wani maɓalli mai ɗan ƙwan fitila ja a cikinsa. Ya baje wayoyi a kan tabarma, ya haɗa shi yadda ƙwan ba zai kama ba sai wuta ta isa lasifikar. Ya danna, shiru. Ashe ya juya ƙafafun ƙwan, alhali doguwar ce ya kamata ta haɗu da jar waya.

"Gwanin rediyo ke nan," in ji kaka, yana ƙunshe dariya.

Kawu ya narkar da dalmar, ya gyara, ya ce da ƙarfi, "Baba, danna ka gani."

Tsohon ya sa babban yatsa, sai ja ya haska a ƙarƙashin farcensa. Ya saki, ya sake dannawa, ya sake, har kawu ya ce batir zai ƙare. Ranar ya cinye tuwonsa tas, kuma ba a ƙara tayar da zancen yaron ba.

Yanzu ko butar dafa shayi tana da irin fitilar nan, 'ya'yana ba sa ma kallonta. Ni kuwa nakan tsaya. Har kaka ya rasu bai ƙara jin kiran sallarsa ba, amma sau biyar a rana yana duban ɗan jan nan ya san an ji shi.