Ramin da Inna ta haƙa a gindin darbejiya

'Yata ta fari ta kai wata biyar ba ta taɓa miƙa hannu ta kama komai ba, abin ya hana ni sukuni. Lokacin ina jan motar riɗi tsakanin Gumel da Maigatari, duk ranar kasuwa sai na sayo mata abin wasa mai ƙara. In kwantar da ita rigingine a katifa, in yi ta kaɗa shi a saman fuskarta. Ta bi shi da ido, hannun ya ɗan taso, ya koma. Na kuma kafa doka a gidan: kada wanda ya zaunar mini da ita, bayanta zai lanƙwashe. Ban san inda na samo wannan ilimin ba. Tsoro nake ji ko hannuwan nata ba su da lafiya, amma ko uwarta ban gaya wa ba.

Ana haka Inna, mahaifiyata, ta zo daga Sule Tankarkar. Ta kalli wasan namu ta ce, "Kai wannan, kai ma kwanta haka in rataya maka tuwo a sama, mu ga yadda za ka ci."

Na ce, "Inna, ƙashinta bai yi ƙwari ba."

"Naka a rami ya yi ƙwari. Miƙo mini fartanya."

Ta haƙa ɗan rami a yashin gindin darbejiya, ta shimfiɗa tsohon zane, ta dasa yarinyar a ciki, ta tottokare ta da tsummoki. Ina tsaye ina cika ina batsewa. Ta ajiye mata ludayin duma a gabanta, ko kallon kayan wasana ba ta yi ba.

Yarinya ta kai hannu, ta kuskure. Ta sake kaiwa, ludayin ya mirgine, Inna ta maido shi. A na uku ta cafke shi da hannu biyu, sai baki. Uwarta ta saki tsintsiya tana dariya.

Na durƙusa kusa don in gani da kyau. Ja'irar ta yar da ludayin ta damƙi gemuna, ta ja da iya ƙarfinta har hawaye ya zubo mini. Ban taɓa jin daɗin zafi kamar na ranar ba.

Inna ta ce, "Ɓamɓare hannun mana, za ta tsige ka."

Na ce ta bar ta ta ja.