Kwalbar da Kakata Ta Ƙi Sha

Jiya a kasuwa na gifta mai sayar da sassaƙen maɗaci. Ɗacin nan ya taso mini a maƙogwaro, sai na tuna da kakata.

A Dangora, tun kafin mu sami mulkin kai, ita ke yi wa unguwarmu maganin zazzaɓi. Takan sassaƙi maɗaci gabas da yamma, ta shafe raunin bishiyar da laka, ta jiƙa a tulu. Da zarar jiƙon ya fara kumfa sai ta zubar, ta ce, "Abin da ya kama hanyar giya ba ya zama gidan nan."

Wata damina zazzaɓi ya kayar da ita, jiƙonta ya kasa. Kawuna ya taka har Tudun Wada, ya karɓo 'yar kwalba wurin malamin asibiti. Aka ce saiwa ce aka jiƙa da sifirit, dangin giya, wai ya fi ruwa jawo ƙarfin magani.

Ta shinshina, ta juya wa kwalbar baya.

Na durƙusa ina kuka. "Iya, ko cokali guda. Ai larura ce."

Ta ce, "'Yar nan, da bakin nan zan yi kalmar shahada."

Ba ta ga girbin gero ba. Har yau ban sani ba ko da ta sha za ta tashi, kuma babu mai gaya mini. Maɗacin ma an sare.

Bakin nan da ta tsare, Allah Ya shayar da shi ruwan Alkausara.