Muryar da ke Bakin Afrah

Duk mai kallon Bayan Ƙararrawa, shirin nan na 'yan sakandare da ko gaisawa ba sa iya yi sai da waƙa, ya san muryar Afrah. Siririya, kamar ta yarinyar da ba ta taɓa hura wuta ba. To, ba tata ba ce. Muryar yayata ce, Rabi, mai 'ya'ya huɗu, wadda ta haura arba'in, take fama da gwiwa, take suyar awara a ƙofar gidansu a Gama duk ranar da ba a kira ta situdiyo ba. Yarinyar da kuke gani motsa baki kawai take yi. Ni Maimuna ni ke shafa mata hoda da jambaki, na san bakin nan ciki da bai, kuma wallahi ko baiti ɗaya ba ta iya rerawa.

A wani tsohon gida muke aiki a Nasarawa GRA, irin masu faɗin tsakar gida da manyan bishiyoyi. Mai shi ya koma Abuja ya bar wa 'yan fim haya. A lambun gaba ake ɗaukar soyayyar. Nabil, saurayin Afrah a shirin, ya ari littafinta, waƙa. Afrah ta hango Nabil yana dariya da wata a bakin get, waƙa. Sun ɓata, waƙa, sun shirya, wata waƙar. Ba a taɓa juna, dole a bar tsakaninsu wurin da akuya za ta wuce, sai dai a yi ta zagaye bishiya ana kaɗa kai. Zango ya bi zango suna aji ɗaya ba su ci gaba ba, har sai da na fara rufe wa Nabil gemu da hoda. Kai, na gaji da yaran nan.

Can baya, a boskwata, wato ɗakunan masu aikin gida, nan situdiyon yake. Ɗan ɗaki ne da aka manna wa soso a bango, ba taga, ba fanka don kada ƙararta ta shiga makirfo. Nan Yaya Rabi ke tsayuwa, ta cire hijabi ta rataye, zufa na bin wuyanta, ta rufe ido ta koma 'yar shekara goma sha shida. Za ta rera cewa zuciyarta ta buga da ta ga Nabil a layin asambuli, tana gamawa ta buɗe ido ta ce min, “Maimuna, Allah ya sa na kashe gawayin nan kafin na fito.”

Tun muna yara take waƙa. Ita ke ja a gaɗa, mu muna amshi. Da aka ɗaura mata aure da Malam Aƙilu, direban wani Alhaji ne a nan GRA ɗin, mutumin Ringim, sai muka ce shi ke nan, waƙa ta mutu. Mutum ne da maganarsa ta yini ba za ta cika cokali ba. Ranar da ta nemi izininsa ta fara aikin fim, sai ya ce, “Ki yi. Amma ban da fuskarki, ban da sunanki.” Daga nan bai sake ɗaga zancen ba. Kuma duk Juma'a bayan isha'i, da zarar kiɗan shirin ya tashi a ɗaki, sai ya ɗauki hularsa ya fice. Yaya ta ɗauka kunya yake ji, matarsa uwar 'ya'ya tana kiran sunan wani yaro a talabijin. Ni ma haka na ɗauka, kuma na sha zaginsa a raina.

Bara muryar ta fara ba ta matsala. Ba wani ciwo, shekaru ne da hayaƙin awara. In ta zo hawa sama sai muryar ta tsage. Ba abin da ba ta sha ba: citta, kanumfari, zuma, ruwan ɗumi da safe. Ta daina shan ƙanƙara ko da zafi zai kashe ta. Waƙar da da take gamawa kafin azahar sai ta kai mu la'asar, Ashiru darakta yana tsaye yana duba agogo yana cewa, “Anti Rabi, a ƙara ɗaya.”

Wata rana muna komawa a adaidaita sahu, mun maƙale a cunkoso, ta jingina kai da ƙarfe ta ce, “Ba barin aikin ke damuna ba, Maimuna. Na gaji dama, wallahi na gaji da son Nabil. Abin da nake tsoro, a cire ni a sa wata, kuma ba wanda zai sani. Kamar ban taɓa buɗe baki ba.”

Na ce, “Haba Yaya, wa zai kasa ganewa? Duk Kano an san muryar nan.”

Ta ce, “An san ta Afrah.”

Ba a jima ba abin ya faru. Ashiru bai yi rashin mutunci ba, in faɗi gaskiya, har ƙasa ya durƙusa. Ya ce waƙar ƙarshen zango tana da tsayi, wai ranar ce Nabil zai tafi karatu waje, kuma ya samo wata yarinya, Safina, 'yar Hotoro. Ya ce injiniya zai gyara muryarta a na'ura ta zama daidai da ta Anti, ba mai jin bambanci. Shi a ganinsa lallashi ne. Na so na watsa masa kwalbar hoda a fuska. Yaya kuwa cewa ta yi, “Allah ya ba da sa'a,” ta zare hijabinta daga ƙusa ta saka. Har ta tsaya ta nuna wa Safina yadda ake matsawa baya kaɗan daga makirfo in za a ɗaga murya.

A gida ba ta gaya wa kowa ba. Ta hana ni ma. Ta ce, “Bari mu gani.”

Juma'ar da za a nuna waƙar na je Gama da wuri. Ɗakin ya cika kamar kullum, 'yan matan maƙwabta har kan hannun kujera. Kiɗa na tashi, Malam Aƙilu ya ɗauki hula ya fice. Na yi tsaki a raina. Nabil ya fito da akwati, Afrah tana bayan bishiya da hawayen da ni na ɗiga mata da hannuna, ta buɗe baki, muryar ta fito. Ni kaina da na san komai sai da na kusa ruɗewa, don tamkar Yaya ce. 'Yan mata suka hau sharar ido. Na saci kallon Yaya, tana zaune kan tabarma ta miƙe ƙafar da ke ciwo, tana bin fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, tana jira wani ya ɗaure fuska ko ya ce kai, yau fa muryar daban. Ba wanda ya ce.

Hasiya, babbar 'yarta, wadda ta san sarai uwarta ce ke yi wa Afrah waƙa tun farko, ta juyo da jajayen idanu ta ce, “Umma, wallahi yau kin fi kullum.”

Yaya ta ce, “To, madalla.” Ta dafa bango ta miƙe, ta ce za ta sha iska. Na bi ta.

A ƙofar gida, ƙarƙashin tagar ɗakin, akwai wani benci da ban taɓa kula da shi ba. Malam Aƙilu na zaune a kai, ya jingina ƙeya da bango, daidai inda sauti ke fitowa. Ashe nan ne iyakar tafiyar tasa duk Juma'a. Na tsaya a zaure. Ya ɗago ya dubi matarsa.

“Rabi, wace ce wannan?”

“Wace, Malam?”

“Mai waƙar. Ba ke ba ce.”

Yaya ta ce, “Ya aka yi ka sani?”

“Ke in za ki hau sama sai kin ɗan ja numfashi, kamar za ki sauke tukunya daga murhu. Tun farkon waƙar nake jira. Wannan ba ta ja.”

“Dama kana ji? Ai ficewa kake yi.”

Ya juya hularsa a hannu, sannan ya ce, “Ba na iya kallon muryarki a bakin wata. A nan waje kuwa ke kaɗai ce.”

Ni da na yi shekaru ina jin kalaman soyayya har sun ishe ni, ina shafa wa masu furta su hoda ana maimaitawa, wallahi sai da na toshe baki da mayafi. Yaya ta zauna a ɗaya bakin bencin, tsakaninsu wurin da akuya za ta wuce. Ta ce, “Sun sallame ni, Malam. Muryar ta tsufa.”

Ya ce, “Kin iya wannan ɗin?”

“Na iya. Da ni za a yi ta.”

“To, yi min.”

Ta waiwaya ko akwai mai wucewa, sannan ta fara, ƙasa-ƙasa, da muryarta ta ainihi, mai kauri, mai hayaƙi. A ciki 'yan mata suna ta kuka saboda Nabil. Da ta iso wurin hawa sama, na ji ta ja numfashin nan, ta ɗaga, muryar ta tsage gida biyu. Ta katse waƙar don kunya.

Malam Aƙilu, da ya lumshe ido tun da ta fara, bai buɗe ba. Ya ce, “Yawwa, ga ki nan. Ci gaba.”