Kwali ɗaya daga harsasan Yaya Delmer

Yayana Delmer Haugen direban motar 'yan makaranta ne har ya yi ritaya, amma a garinmu na jihar Montana, a Amurka, ba da tuƙi aka san shi ba. Da ɗura harsashi aka san shi. In ka harba bindigar farautarka sai ka tsince kwanson ka kai masa, ya wanke, ya auna albarushi a ɗan sikelinsa, ya ɗura, ya sa sabon kai. Ba ya karɓar ko sisi, sai dai cinyar barewa in an dace. Mutum ne mai tsantseni har ya ba ka haushi, ko gishiri zai zuba a miya sai ya tsaya nazari. Dokarsa guda ce: albarushin da ba shi ya ɓalle murfinsa da hannunsa ba, ba ya shiga garejinsa.

Sai shekarar zaɓe ta zo. 'Yan takara suka hau talabijin, waɗannan na cewa za su ƙuntata sayar da bindiga, waɗancan na cewa ga su nan zuwa ƙwace ta ƙarƙashin gadonka. Ba a kafa dokar komai ba fa, surutu ne kawai. Amma kafin ka ce me, kantuna sun yi wayam. Mutanen da ko zomo ba su taɓa harbi ba su ne a gaban layi ranar da motar kaya ke zuwa, su kwashi harsasai kwali-kwali su je su jibge a gida. Har yau haushinsu nake ji. Mu da naman farauta muke cin lokacin sanyi, ga ranar buɗe farauta ta matso, ga bindigogi babu abin sa musu.

Kowa ya nufi garejin Delmer da kwansonsa a leda, shi kuma albarushinsa ya ƙare. Ya yi ta yawon kantuna, babu. A wani baje-kolin bindigogi ya tarar da wani mutum yana sayar da shi a tsohon gwangwani, murfi a buɗe, yana rantsuwa irin na bindigar farauta ne. Ya saya. Da ya nuna mini na ce, "Yaya, kai ne da wannan?" Ya kau da kai, ya ce mutane na jiransa. Suka kuwa tsaya masa a ka, yana ɗurawa kowa na warce nasa tun bai gwada ko ɗaya ba.

Ana gobe buɗe farauta hankalinsa ya ƙi kwanciya, ya ce in raka shi ramin da ake ɗiban tsakuwa. Ya sa ɗaya daga sababbin harsasan a tsohuwar bindigarsa, ya ɗaure ta a jikin taya, ya ƙulla doguwar igiya a kunamar, muka laɓe bayan mota, ya ja. Ƙarar da na ji ba ta harbi ba ce. Da muka leƙo, bindigar ta tsage kamar ɓawon ayaba, wani guntun ƙarfe ya nutse a ƙofar motar. Albarushin ƙaramar bindiga aka sayar masa, mai saurin ci, shi kuma ya ɗura shi da ma'aunin babba. Na dubi inda kumatun mutum ke kwanciya a jikin bindigar, babu wurin.

Gida-gida muka bi. Ni ke tuƙi. Ya tsaya a ƙofar kowa da hula a hannu, ya faɗi abin da ya yi, ya karɓo kayansa. Wani ma har da musu, wai a bar masa ko biyu tunda babu a kasuwa. Na ce masa in ya gaji da fuskarsa ne ya faɗa. Kafin la'asar duk sun dawo hannu, sai kwali biyu na Rhonda, 'yarsa tilo, wadda ta hau dutse tun safe ta kafa tanti inda waya ba ta shiga.

Al'adar mafarauta ce in sun isa inda za su kwana su harba ɗaya ko biyu su daidaita saiti. Na sani, shi ma ya sani. Duk harbin da muka jiyo daga cikin itatuwa sai na ƙara gudu, shi kuma ya damƙe kujera. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan hanya ba.

Muka same ta tana dafa kofi, lafiyarta lau. Ta ce da wannan tsadar wa zai ɓata harsashi a kan gwaji? Delmer ya zauna daɓas a ƙasa, ya ce ta miƙo su. Ta miƙo kwali ɗaya.

"Ina ɗayan?"

"Baba, wani ne ya tare ni a gidan mai, ya ga kwalin a kan kujera, ya yi ta magiya. Na sayar masa."

Ba ta san sunansa ba. Baƙo ne mai farar akori-kura, lambar wata jiha, har da kujerar jariri a baya. Ya ce mata shi ba mafarauci ba ne, tarawa yake yi kafin a hana.

Mun sanar da 'yan sanda, mun sa cigiya a rediyo, shiru. Delmer ya rufe garejin, bai sake taɓa sikelin ba. Tun daga nan, kowace shekara in kakar farauta ta zo yana gidan man nan a kan kujerar roba, yana tare fararen motoci yana roƙon a nuna masa harsasai. Yaran wurin sun mai da shi abin dariya. Rannan da na kai masa abinci na ce ya haƙura haka, shekaru sun ja, da wani abu ya faru da mun ji.

Ya girgiza kai. "Verna, irin waɗannan ba sa harbawa. Ajiyewa suke yi. Sai yaron nan ya girma ya buɗe akwatin ubansa."