Na je Semau shaidar Yohana

Doha

Ƙarfe biyar saura kwata, bayan sallar asuba, muka fito daga ɗakinmu na unguwar Muntaza, ni da Yohana. Shekara uku muna gadin bene ɗaya a unguwar Dafna, kuma a ɗakin gadin nan ya riƙa duba mini aikin ajin yaƙi da jahilci har hannuna ya faɗa. Shi Bahelonge ne, wato ɗan ƙabilar Helong, daga tsibirin Semau a ƙasar Indonesiya, kuma Kirista ne.

Dalilin tafiyar laifina ne. Ranar Sallah na ara masa kaftani da hula aka ɗauke mu hoto, ya aika gida. Mahaifiyarsa ta gani, ta ce ɗanta ya bar addinin iyayensa. Wata takwas ba ta amsa wasiƙarsa ba. Na ce tunda kayana ne suka jawo, bakina zai gyara. Na juya tikitin hutuna zuwa can, na yi mako uku ina jiran biza.

"Yalla, mu tafi, Malam Sule," in ji shi. "Ka ɗauko hular?"

"Tana kaina. Ita ce babbar mai laifi."

Jakarta zuwa Kupang

Awa tara muka yi a sama. A Jakarta jami'i ya juya fasfona sau uku, ya tambayi abin da zan je yi. Na ce zan je gaida tsohuwa. Ya buga hatimi yana dariya. Muka kwana a masauki kusa da filin jirgi, da safe muka hau wani jirgin, ya sauke mu birnin Kupang ƙarfe ɗaya na rana. Ƙasar busasshiya, ga giginya ko'ina, sai na ga kamar hanyar garinmu.

Semau

Daga tashar ruwa muka shiga jirgin katako tare da buhunan shinkafa da babura biyu. Rabin awa muka tsallaka. 'Yan acaɓa suka kai mu ƙauyen su Yohana ƙarfe huɗu da rabi.

A hanya Yohana ya gargaɗe ni. A wurinsu ba a jin maganar baƙo sai ya tauna abin da aka miƙa masa. In na ƙi, shi ke nan, na yi tafiyar banza.

Mama tana zaune a baranda da dattawa huɗu. Ba ta kalli ɗanta ba. Ta turo mini ɗan kwando: wani ɗan itace mai kama da goro, da wani kore dogo, da farin gari. Na ce a raina ai goro ne, mu muka san shi. Na haɗa na tauna, na haɗiye ruwan kamar yadda na saba.

Ashe tofarwa ake yi. Nan take gumi ya karyo mini, baranda ta fara juyawa.

"Malam Sule, ina ruwan?" in ji Yohana.

"Yana ciki."

Ya fassara. Dattawa suka fashe da dariya, ɗaya har da riƙe ciki. Mama ta rufe baki da gefen zane. Ta aika aka kawo mini ruwan kwakwa, ta ce a faɗa mini ba ta taɓa ganin baƙon da ya karɓi gaisuwarta har cikinsa ba.

Da kaina ya dawo daidai na cire hula na ajiye a gabanta. Na ce: "Mama, wannan tawa ce, rigar ma tawa ce, aro ya yi. Ni Musulmi ne, da ya shiga addinina da ni zan fara shela. Ɗanki ba ya cin abinci sai ya sunkuyar da kai ya yi addu'a, littafin addininsa yana ƙarƙashin matashi, ina ganinsa kullum."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta tashi ta kama kunnuwan Yohana, ta goga hancinta a nasa, yadda suke gaisawa. Ni ma aka goga mini, dattawa huɗu bi da bi.

Kwana biyar na yi. Suna kiwon alade, amma Mama ta sayo sabuwar tukunya domina, kullum masara da wake da gasasshen kifi. Ta shimfiɗa mini tabarmar salla a inuwa. Ranar Lahadi na zauna ƙarƙashin bishiya ina jin waƙarsu daga coci. Damuwarsu biyu na gani: rijiyoyi sun ja baya, ba a yi shuka ba, kuma jikokin Mama ba sa amsa mata da Helonganci, harshensu.

Komawa

Na baro Yohana can zai ƙara mako biyu. Na sauka Doha ranar Alhamis ƙarfe goma na safe, na shiga ɗaki lafiya, alhamdu lillahi. Na gode wa abokan aiki da suka riƙe mini gadi, da malamarmu ta aji.

Mama ta ba ni saƙo a bakin ruwa, ga shi na isar: ku roƙa musu ruwan sama. Ta ce su suna yi a nasu wurin, mu ma mu yi a namu.